Yayana ya rasa ganinsa, wace na'ura za mu fara saya masa?

Tambaya: Yayana malamin sakandare ne, shekarunsa 46. Hawan jinin ido ya cinye masa idon hagu gaba ɗaya, na dama kuma haske da manyan baƙaƙe kawai yake gani da shi. Wata takwas ke nan yana zaune a gida, 'ya'yansa ke karanta masa saƙo, su ke kira masa waya. Mun haɗa kuɗi a dangi za mu saya masa irin na'urar da makafi ke amfani da ita, amma ba mu san inda za mu dosa ba. Da me za mu fara?

Amsa: Malama, Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri bisa wannan zumunci. Na daɗe ina koya wa masu larurar gani aiki da waya da kwamfuta, kuma shawarata ta farko ita ce ku riƙe kuɗin nan tukuna. Na'urar da za ta fi yi masa amfani a yanzu tana cikin gidansa, a hannun yaran da ke karanta masa saƙo. Wayarsa ce. Abin da ya rage shi ne a mayar masa da ita hannunsa, a koya masa sarrafa ta da kunne da yatsa.

Kafin mu zo kanta, akwai maganar likita, domin ɗan ganin da ya saura a idon dama dukiya ce. Abin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa yana tsare wanda ya rage. Na ga mutane da yawa sun ajiye maganin saboda sun yi wata uku suna ɗigawa ba su ga ido ya buɗe ba, alhali aikinsa hana ƙaruwar ɓarna ne. Ku tabbatar yana ɗigawa a kan lokaci, yana komawa awon ido, kuma kada a zuba masa wani haɗi a ido, ko wane ne ya kawo shi. Idan kun je babban asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, ku roƙi a auna masa ragowar ganinsa, a faɗa muku irin gilashi ko madubin ƙara girman rubutu da zai dace da shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, hawan jinin ido na biye da ita. Shi wannan ciwo yana bin jini, kuma ba ya sallama idan zai shigo. Don haka ke da sauran ƙannensa ku je a auna ku, ko da kuna jin idonku garau.

Daga nan sai ki zauna da shi, ku biyu, ki tambaye shi abin da ya fi yi masa ciwo cikin abubuwan da ya daina yi da kansa. Kada ku yanke masa. Na sha ganin dangi sun sayo agogo mai magana da wata na'urar karatu mai tsada, mai larurar ya yi godiya, ya sa a lokar gado, domin shi damuwarsa ita ce ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ke karanta masa saƙon matarsa da na banki. Duk abin da ya ambata, da shi za a fara, shi kaɗai, har ya zauna masa.

Yanzu waya. Wayoyin Android suna da manhaja mai karanta abin da ke kan fuskar waya da murya, sunanta TalkBack. Ta iPhone kuma VoiceOver, wadda Apple ya sa a wayoyinsa tun 2009. Duk kyauta ne. A Android za ki shiga Settings, ki nemi Accessibility, a nan take. Idan ba ki gan ta ba, kamar yadda yakan faru a wasu ƙananan wayoyi, sai a sauke Android Accessibility Suite daga Play Store.

Ki san cewa da zarar an kunna ta, wayar ta sauya hali, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke karaya. Taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, sai dai wayar ta faɗi sunan abin da yatsa ya sauka a kai. Idan shi ake so, sai a dangwala sau biyu da sauri, a ko'ina a fuskar wayar. Shafa yatsa ɗaya zuwa dama yana kai mutum abu na gaba, zuwa hagu yana mayar da shi na baya. Jan shafi sama ko ƙasa da yatsa biyu ake yi, haka ma buɗe wayar idan tana kulle. A iPhone jan shafi da yatsa uku ne. Waɗannan 'yan motsi su ne tushe, kuma da su kaɗai mutum zai kira waya, ya buɗe WhatsApp, ya ji ƙarfe nawa. Tun ranar farko a saita gajeriyar hanyar kunnawa da kashewa: a Android danne maɓallan ƙara da rage murya tare na daƙiƙa uku, a iPhone danna maɓallin gefe sau uku. Amfaninta shi ne idan ya rikice, ko wani mai gani zai duba masa abu, ba sai an yi ta kokawa da wayar ba. A cikin TalkBack ɗin akwai darasin gwaji da ke koyar da motsin ɗaya bayan ɗaya. Ya bi shi sau uku ko huɗu, ba sau ɗaya ba.

Akwai wani dattijo mai sayar da atamfa da na koya wa. Ranar farko, bayan minti ashirin, ya kife wayar a kan tabarma ya ce surutunta ya ishe shi, kansa na ciwo. Na rage saurin muryar, na sa masa abin sauraro a kunne ɗaya, muka bar komai sai abu guda: nemo sunan 'yarsa da ke aure a wani gari, ya kira ta. Yatsansa na dangwalawa a hankali, tsakanin ta farko da ta biyu ya yi nisa, wayar ta ƙi amsawa. Sai na ce ya ƙwanƙwasa min bayan hannuna kamar yana ƙwanƙwasa ƙofa, tau-tau, har saurin ya daidaita. Rana ta tara ya kira ta ba wanda ya taɓa masa waya. Ya riƙe wayar da hannu biyu yana ce mata, "Ni na kira ki da kaina." Bayan wata biyu shi ke ce min in ƙara saurin muryar, tana ɓata masa lokaci. Makonni biyun farko su ne tudun. Rabin awa da safe, rabin awa da yamma ya fi a kwana a kai rana ɗaya a bari.

Idan wayar da yake da ita tana yawan tsayawa, to nan ne kuɗinku zai fara aiki. Waya mai nauyin aiki azaba ce ga mai bin murya, domin yana shafa yatsa, muryar na zuwa a makare, sai ya ɗauka shi ya yi kuskure. Ku nemi wadda ram ɗinta bai gaza giga 4 ba, mai lasifika mai ƙarfi, mai riƙe caji, mai buɗewa da zanen yatsa don kada ya riƙa shigar da lambar sirri a gaban mutane. Ku tafi da shi kasuwar, ko Farm Centre ce a Kano ko wadda ke kusa da ku, a kunna TalkBack a gabansa ya gwada kafin a biya. Tsakanin Android da iPhone kuwa, ra'ayina shi ne ya ɗauki irin wadda mai koya masa da abokansa masu larurar ke riƙewa, domin ranar da ya maƙale su zai kira. Ku haɗa masa da fawa banki saboda halin wutarmu. Ƙaramar waya mai maɓallai ma kada a raina ta: a kan lamba 5 akwai ɗan ƙullutu da yatsa ke ji, daga shi ake gane sauran lambobin, kuma za a iya ɗaura lambobin mutum takwas a kan maɓallai, danne ɗaya ya kira.

Tunda idon dama na gani kaɗan, a ƙara girman rubutun wayar, a mayar da bangon baƙi rubutu fari, a kunna ƙara girman fuska. Sai dai hawan jinin ido daga gefe yake cin gani, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Irin wannan ido idan an cika girman rubutu, harafi biyu ko uku kawai zai kama a lokaci guda, karatun ya ƙara wuya. Sau da yawa abin da ya fi taimako shi ne bambancin launi da haske mai kyau: fitila mai caji da ke haska takardar daga gefen kafaɗarsa, ba fuskarsa ba, baƙar maka mai kauri a kan farar takarda, farin kofi a kan baƙin faranti, hular hana-sallah ko gilashi mai duhu idan zai fita rana. Duk da haka, ya koyi aiki da murya tun yanzu. Wanda ya koya yana ɗan gani ya fi saurin kamawa, kuma ido ya huta daga ƙurawa waya har kai ya yi ciwo.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu Hausawa. Muryar da ke zuwa da waya galibi ta Turanci ce, idan ta tarar da saƙon Hausa sai ta dagula shi, haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ kuma wani lokaci ta tsallake su. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce a sauke muryar harshen Indonesiya a cikin muryoyin Google. Wasulansu sun yi kusa da namu, kuma suna furta c da j da y kamar yadda muke furtawa, don haka "ina kwana, ya jiki" yana fitowa yadda kunne zai gane, ko da karin sautin ba namu ba ne. Akwai muryar Larabci ma ga mai buƙata. Ku kuma dangi akwai naku aikin: ku riƙa aika masa saƙon murya, idan kun tura hoto a zauren dangi ku rubuta abin da ke ciki a ƙasansa. Katin ɗaurin aure da aka ɗauka a hoto aka tura ba bayani, manhajar za ta iya ce masa "hoto" kawai ta yi shiru.

Idan hannunsa ya faɗa, sai a shiga manhajojin da ke amfani da kyamara. Lookout ta Google da Seeing AI ta Microsoft suna karanta rubutun da aka buga a takarda ko kwali: ya ɗaga wayar sama da takardar kamar tsawon kamu ɗaya, ta karanta masa. Sun fi ƙwarewa a Turanci, kuma rubutun hannu yana ba su wahala. Be My Eyes kuwa, wadda wani mai larurar gani ɗan ƙasar Denmark, Hans Jørgen Wiberg, ya fito da ita a 2015, tana haɗa mutum da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo, ya duba masa abin da kyamara ta nuna. Tana cin data, kuma baƙo ne a ɗaya ɓangaren, don haka kada ya nuna katin banki ko takardar sirri. Kiran bidiyo na WhatsApp zuwa gare ki ma zai yi wannan aikin. Abu ɗaya da ba na yarda a dogara da kyamara a kansa shi ne magani. Idan kwalaben ɗigawarsa biyu ne, a ɗaura wa ta safe roba ɗaya, ta dare roba biyu. Yatsa ba ya buƙatar caji ko sabis.

Kuɗi ma haka. Takardun naira 5 zuwa 50 na leda ne, 100 zuwa 1000 na takarda, kuma manyan girmansu ɗaya, hannu ba ya bambance su. Sai a yi musu ninki daban-daban: dubu a miƙe, ɗari biyar a ninke biyu, ɗari biyu a ninke ta tsawo, kowace da aljihunta. Wajen tura kuɗi ta waya, ya sa abin sauraro, ya kunna ɓoye fuskar waya, wanda TalkBack da VoiceOver duk suna da shi, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin shi kuwa yana jin komai. A wurin mai POS ya nemi na'ura mai maɓallai, ya lalubo ƙullutun lamba 5 ya shigar da lambarsa da kansa. Idan mai santsin fuska ce kawai, gara ya tura ta wayarsa da ya faɗi lambar da baki. Kuma ranar da ya iya, ya sauya duk lambobin sirrin da yara suka riga suka sani. Ba zargi ba ne, mayar da mutum matsayinsa na maigida ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai a tambayarki shi ne Yaya malami ne, kuma shekara 46 ba shekarun ajiye alli ba ne. Ilimin da ke kansa bai tafi tare da idon ba. Hanyar komawarsa aji ita ce kwamfuta. Akwai manhaja mai karanta abin da ke kan fuskar kwamfuta da murya, mai suna NVDA, da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka faro a 2006, kyauta ce, tana aiki a Windows, har ana iya ɗora ta a filashi a tafi da ita a soka a kowace kwamfuta. JAWS ta girme ta kuma tana da kyau, amma ta kuɗi ce, mai farawa ba ya buƙatarta. Ita kanta Windows tana da Narrator, ana kunna ta da danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter tare. Laftof ta hannu mai lafiyayyen batir ta isa. Aikin farko ba manhajar ba ce, koyon buga rubutu ne ba tare da kallo ba. A kan F da J akwai 'yan ƙullutai, nan manunan yatsu ke zama, sauran yatsu su jeru a gefensu. Wanda ya ba wannan wata ɗaya zai rubuta darasinsa da tambayoyin jarrabawa a Word, ya ajiye makin ɗalibai a Excel. Akwai makafi da ke koyarwa a makarantu da jami'o'in ƙasar nan da waɗannan kayan. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a ware mutum saboda larurarsa, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Kada ya rubuta takardar barin aiki cikin ɓacin rai. Ya fara koyo, sannan a je a zauna da hukumar makarantarsa a kan abin da zai iya ɗauka.

Rubutun makafi na Braille, mai ɗigo shida da Louis Braille ya tsara a Faransa yana ɗan shekara 15, ba zan sa shi a gaba ba ga mai shekarun Yaya, ko da yake koyon baƙaƙensa na da amfani wajen yi wa kaya alama da ɗan rubutun tuni, kuma akwai Alƙur'ani da aka buga da shi ga mai kewar karatu da yatsa bayan sauraro. Na'urar Braille ta lantarki da ake haɗawa da kwamfuta tsadarta ta wuce abin farawa. Da yaro ne kika tambaye ni a kansa, da amsar ta juye: yaro dole ya koyi Braille, domin da kunne kaɗai ba a sanin yadda ake rubuta kalma, kuma shi ya sa makarantu irin ta Gindiri a Filato, da aka buɗe tun 1953, da ta Tudun Maliki a Kano suke farawa da shi.

Sai sanda. Na san nauyinta a zuciyar mutum irin Yaya, domin a garuruwanmu an saba ganin sanda tare da ɗan jagora da ƙoƙon bara, kuma mutumin da ya yi shekara ashirin ana ce masa Malam zai ji kamar an sauke shi daga wani matsayi. Kada ku tilasta masa, amma kada ku bar maganar. Waya ba ta ganin kwata, ba ta ganin babur da aka ajiye a bakin ƙofar masallaci. Farar sanda ta zamani mara nauyi ce, tana ninkewa ta shiga jaka, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirji. Ana kaɗa ta hagu da dama daidai faɗin kafaɗu, idan ƙafar dama ta yi gaba sanda na hagu, tana duba inda ƙafa ta gaba za ta sauka. Wannan sai an koya a aikace, a fara daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin unguwa. Idan kuma wani zai yi masa jagora, ba a jan sa da sanda ko a tura shi daga baya. Shi zai kama hannun jagoran sama da gwiwar hannu, ya bi shi da rabin taku, jikin jagoran na sanar da shi hawa da gangara.

Mai koyarwa kuwa, ku nemo makaho. Ni mai gani ne, kuma mafi yawan dabarun da na rubuta miki a wurin abokan aikina makafi na koye su. Awa ɗaya da Yaya zai yi da mutumin da ya zo da sandarsa shi kaɗai, ya zauna, ya zaro waya ya karanta saƙo da murya mai gudu kamar ruwa, za ta yi masa abin da lallashinku na wata takwas bai yi ba. Ku tuntuɓi reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya na jiharku, ko makarantar masu buƙata ta musamman mafi kusa, ko sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ko ta Jos. Kuɗin motar wannan malami da ɗan abin hasafinsa na wata biyu ko uku ya fi cancantar kason farko na abin da kuka tara, sai maganin ido, sai sanda da abin sauraro.

A cikin gida, abin da zai fi ba ku wuya shi ne haƙuri da jinkirinsa. Za ki gan shi yana laluben lamba minti biyar, zuciyarki ta karye, hannunki ya miƙa da kansa zai karɓi wayar. Ki mayar da shi. Ni idan ina koyarwa, hannuwana a bayana nake haɗe su, in faɗa da baki, "shafa dama, ƙara ɗaya, to dangwala." Ki sa yaransa su kunna TalkBack a wayar gidan na yini guda su ji yadda take, don su riƙa taimaka masa da baki maimakon su yi masa. A daina sauya wa buta da takalmansa da kujerarsa wuri ba a faɗa masa ba, wanda ya shigo ɗaki ya yi sallama ya faɗi sunansa, wanda zai fita ya ce ya fita, ƙofa kuma ta zama a rufe ruf ko a buɗe wangam, domin wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi.